Ɗingishin Takalman Marigayi

Ana jibi za a yi taron tunawa da Ɗan Ƙwalisa takalmansa suka fita daga gida da kansu.

Haka dai mutanen layin suka faɗa, kuma ba a rasa dalili ba. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, ga sawu nan raɗau ya fito daga ƙofar gidan marigayi: tsinin gaba, siririyar dunduniya, da ɗan tauraron nan na tsakiyar tafin wanda kowa a layin ya san shi. Mutumin da ya shekara a kabari, yau ga sawunsa ɗanye a laka.

Ɗan Ƙwalisa marubucin labaran ɓarayi da masu kisan kai ne. Ya kashe mutane da yawa a takarda, amma ko ɗigon tawada bai taɓa sauka a hannun rigarsa ba. Farar kwat yake sawa, da malfa mai baƙin zare, da hankici a aljihun ƙirji wanda ba a share komai da shi. Yakan ajiye ɓawon lemo cikin akwatin malfarsa. Ba ya zama kafin azahar don kada wando ya karye, shi ya sa a tsaye yake rubutu. Sannan ga tafiyar. In ya taho daga bakin layi sai ka ce an ɗora masa ƙoƙon ruwa a ka an ce kada ya zubar da ko ɗis. Takalman kuwa ruwan ƙasa da fari ne, kuma su aka shirya za a sa a tsakiyar akwatin gilashi a ɗakin karatu na gari, jama'a su zo su gani.

Kafin rana ta yi tsaka maganar ta rabu. Matan layin suka ce fatalwa ce. Mai shayi ya ce shi da ma ya san mai gayu irin wannan ba zai yarda ya kwanta ba takalmi ba. Lauya kuwa, ɗan marigayi tilo, wanda ya zo daga nesa don shirya taron, cewa ya yi ɓarawo ne, kuma ya san shi.

*

Ido-ƙasa ya iso yana haki. Tsohon mai bin sawu ne. A zamaninsa ya bi shanun sata da jakunan sata har ya dawo da su, yanzu kuwa ba abin da ya rage masa sai ɗabi'ar. Ba ya sanin fuskar mutum sosai, amma nuna masa inda ka taka ya gaya maka abin da ka ɗauko a ka. Shekara da shekaru shi ke raka marigayi yawon safe, marigayi yana tambaya yana amsawa, amsoshin suna shiga littafi. Shi dai bangon littattafan yake so. In an karanta masa, a tsakiya barci ke ɗauke shi.

"Ku ja baya!" ya ce wa 'yan kallo. "Kun tattake rabin maganar."

Gaskiya ne, daga kwanar gida zuwa titi an dame wurin. Sawu kaɗan suka tsira a jikin katanga, ɗaya ma kaza ta bi ta kansa ta yi masa ado. Ya tsuguna. Ya karɓi robar wanke kofuna wurin mai shayi ya kife a kan biyu mafi kyau.

Abu biyu ya gani. Mai tafiyar ya kewaye tarin tsakuwa, ya kewaye kududdufi, ya yi doguwar hanya alhali ga gajera. Na biyun shi ya hana shi miƙewa da wuri. Sawun yana ɗingishi, ƙafar dama ta fi nutsewa. Marigayi kuwa bai taɓa ɗingishi ba. Bai gaya wa kowa ba.

A ƙofar gida Lauya yana zaune kan kujera, Mai Guga yana tsaye gabansa ya harɗe hannu a baya. Tsoho ne siriri da ya yi wa marigayi guga tun yana saurayi, kuma a ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala yake aiki yake kwana.

"Baba, ba sai ka wahalar da kanka ba," in ji Lauya ga Ido-ƙasa. "Mabuɗin ɗakin marigayi yana hannun mutumin nan. Jiya da idona na gan shi sanye da malfar mahaifina yana duba madubi. Na ba shi zuwa gobe da la'asar. In takalma ba su dawo ba, ya kwashe kayansa daga gidan nan, kuma a ofishin 'yan sanda zai kwana."

"Ka ba ni zuwa goben ni ma," in ji Ido-ƙasa.

"Kyauta ce, ɗauka."

*

Ɗakin Mai Guga yana warin gawayi da sitati. Dutsen guga yana kan teburi ya yi sanyi, abin da ba a taɓa gani ba da rana.

"To, ɗan gayu," in ji Ido-ƙasa, "me ya kai kanka cikin malfar mutane?"

"Kai ma tsiyar za ka yi mini?"

"Tambaya nake."

"Malfa in ta daɗe ba kai a ciki, bakinta yana lanƙwashewa. Duk mako nakan sa ta na ɗan lokaci. Madubin kuwa... to, in ka sa ai ka duba."

"Ta yi maka kyau?"

"Kamar tukunya a kan muciya."

Suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Mai Guga ya shafa teburinsa, wurin da itacen ya yi baƙi saboda zafi.

"Ina zan je da tsufan nan? Ko ba a rufe ni ba, wa zai sake ba ɓarawo rigarsa?"

"Wa ya shiga gidan yau da safe?"

"Wa bai shiga ba? Masu gaida Hajiya matar marigayi, masu kawo kujeru, Mai Hoto, Baduku, masu ɗakin karatu. Na buɗe ɗakin don iska ta shiga kaya, na sauko hura gawayi. Yaron nan Lauya kuwa yana zaune a ƙofa, ko leda aka fito da ita sai ya leƙa."

Ido-ƙasa ya gyaɗa kai. Shi ya sa ba a ɗauko takalman a hannu ba, a ƙafa aka fito da su, ƙarƙashin doguwar riga. Ya fita zuwa bakin falo inda baƙi ke cire takalma. Duk an watse, sai wasu silifa guda ɗaya masu shegen tsufa, an ɗaure igiyar ɗaya da waya. Ba wanda ya san mai su. Ya juya su, ya shinshina, ya sa a aljihu.

*

Shagon Mai Hoto yana bakin titi. Tun rasuwar marigayi mutumin ya koma sa farar kwat da hankici a aljihu, har yana gwada tafiyar, sai dai shi in ya taho kamar agwagwa ce ta ji kiɗa.

"Ni?" ya ce. "Baba, ni na fi kowa asara! Na ɗauki hoton malfa, na ɗauki na kwat, na ɗauki na sanda. Na juya in canja fitila, aka kira ni ƙasa, in dawo in ɗauki na takalma, wayam."

"Ka taɓa gwada su?"

Mai Hoto ya kalli rufi.

"Da ido dai."

"Cire naka."

Ya cire yana gunaguni. Ƙafa ce fankameme kamar faranti, ko yatsunsa ba za su shiga takalmin marigayi ba. Ido-ƙasa ya tsaya yana kallonta har ya manta abin da ya kawo shi, don babban yatsan ya hau kan na kusa da shi kamar mai neman a goya shi.

"Wa ka tarar a matakala da kake saukowa?"

"Mutane dai. Ni fuska nake kallo in akwai haske, matakalar nan duhu gare ta."

Ya fito bai ƙaru da komai ba. Ranar nan bai iya zama ba. Ya zauna wurin mai shayi ya tashi, ya je gida ya dawo, ya ɗaga robar ya sake kifewa. Ɗingishin nan ya hana shi sakat. Mai ɗingishi ɗaya ya sani da ke shiga ɗakin nan ba a tambaye shi, kuma ba ya son sunan da zuciyarsa ke kawo masa.

An haifi Lauya da ƙafa ɗaya gajera. Yana ƙarami aka yi masa takalmin asibiti mai katon gindi, yara suka sa masa suna da shi, wata rana ya jefa shi a rijiya ya ce gara ya yi ɗingishinsa. Ido-ƙasa yana tuna su a hanya, uban a gaba kamar an zana shi, ɗan a baya yana tangal-tangal yana ƙoƙarin kamo shi. Yaron da ya tashi haka, in ya ga za a sa takalman nan a gilashi duniya ta yi ta yabo, me zuciyarsa za ta gaya masa?

*

Da safe ya sami Lauya a tsakar gida, zaune kusa da famfo yana duba tsarin taro.

"Ɗana, in yi maka wata tambaya, kada ka ji haushi."

"Yi, Baba."

"Wanda ya sa takalman nan yana ɗingishi."

Lauya ya ɗago kai a hankali.

"Sai me?"

"In kai ne, ba laifi ba ne, kayan mahaifinka ne. Ka dai saki tsohon nan."

Fuskar Lauya ta canja kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Har a gidan ubana? Na yi zaton na bar wannan a makaranta. Duk abin da ya karkace a duniya, a nemo gurgu. Ban taɓa taɓa takalman nan ba, Baba. Ko ina yaro ba a barina in matsa kusa da su. Tashi ka fita. La'asar tana nan yadda na ce."

Ya miƙe fuu ya bi ta jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin famfo ya shige ciki.

Ido-ƙasa bai fita ba. Idonsa ya riga ya sauka inda ya saba sauka. Tun zuwan Lauya a zaune yake ganinsa, ko a mota, rabon da ya ga sawunsa tun yana yaro. Ga shi nan yanzu, sabo. Ƙafar hagu ce ta nutse.

Ta ɓarawon kuwa dama ce.

Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ya ga ɗingishi, ya tuna mai ɗingishi, bai tsaya ya tambayi ƙasa wace ƙafa ba. Da a daji ne da tuni shanun sun haye kogi.

*

Ya koma kan sawun, wannan karon bai tsaya inda aka tattake ba. Ya tambayi kansa: mutumin da ke kewaye tsakuwa don kada ta karce tafin takalmi, zai yarda ya taka kwalta da shi? Ya bi gefen titi yana duba duk inda mutum zai iya zama. A bayan rumfar mai faci akwai wata 'yar gajeriyar katanga. A gindinta ya tarar da laka an yanke ta fale-fale, sirara, an jera a gefe ɗaya. Ba da tsinke aka kankare ta ba, da wuƙa mai kaifi ne, da hannun da ya saba bin gefen tafin takalmi. Kusa da ita ga sawun ƙafa ba takalmi, hagu da dama, sun nufi kwalta.

Daidai suke. Ba ɗingishi ko kaɗan.

Ido-ƙasa ya zauna kan katangar. Lafiyayyen mutum ya sa takalma ya yi ɗingishi, ya cire ya warke. Ashe ɗingishin ba a ƙafa yake ba, a cikin takalmin yake. Na hagu ya fi na dama tudu daga ciki. Kuma ba a yi wa takalmi tudu sai don ƙafar da ta gaza.

Ya tuna safiyoyin nan duka, shi da abokinsa kafaɗa da kafaɗa, yana nuna masa sawun mai ciki da na mai ɗauke da buhu da na wanda ya sha ya bugu, yana taƙama ba mai taka ƙasa ya ɓoye masa komai. Mutumin yana gefensa yana murmushi yana cewa, "Allah, Ido-ƙasa? Kai dai ba dama." Sai ya ji dariya da hawaye sun taho masa tare.

Ya ciro silifan nan daga aljihu ya duba a hasken rana. A kan igiyar akwai ɗigo-ɗigon gam da ya bushe, tsoho a kan tsoho.

*

Baduku yana cikin shagonsa, tsakanin fatu da ƙusoshi, ba aiki a hannunsa. Da ya ga mai shigowa sai ya ja wani tsumma da ƙafa ya rufe abin da ke ƙarƙashin benci.

Ido-ƙasa ya ajiye silifan a kan benci.

"Ka manta kayanka a gidan mutane. Kai da kake gyara na kowa, waya ka ɗaura wa naka?"

"Ba nawa ba ne."

"To na wa? Ka sa sababbi ga su nan ko takardar jikinsu ba ka ɓare ba."

Baduku ya dubi ƙafafunsa.

"Nawa ne tudun?" in ji Ido-ƙasa a hankali.

Tsohon ya rufe ido. Can ya ɗaga yatsu biyu ya haɗa su a kwance.

"Fata ninki a kan ninki, na fere ta ta bi tafin ƙafa, na ja bayan takalmin sama ya rufe. Na dama kuma na yi masa dabara daga waje don ido ya ga tsayinsu ɗaya. Tun yana saurayi nake yi masa. Ya sa na rantse, ko bayan ransa." Ya buɗe ido. "Sai na ji za a sa su a gilashi, an kunna fitila, mai hoto yana leƙa ciki. Na ce in ɗauke, in cire tudun, in mayar kafin a farga."

"Me ya hana ka?"

Baduku ya janye tsumman. Ga su nan, ruwan ƙasa da fari, sun sha mai suna ƙyalli. Wuƙar tana gefensu.

"Tun jiya nake ɗaukar wuƙa ina ajiyewa. Duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan ba, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa. In sa masa wuƙa da hannuna?"

"Shi kuma Mai Guga zai kwana a kulle da hannunka."

"Na sani! Kana zaton na yi barci?"

"Ɗauko su. Zan ce ka kai su goge ne don taro, tsufa ya sa ka manta ba ka faɗa ba."

"Yaron nan lauya ne fa."

"Ɗauko dai."

*

Da la'asar suka taru a ɗakin marigayi. Ƙamshin ɓawon lemo yana nan. Hajiya, matar marigayi, tana zaune bakin gado. Lauya yana jingine da teburin nan mai tsawo da ake rubutu a tsaye. Mai Guga ya riga ya ɗaure kayansa a zani ya ajiye a bakin ƙofa. Mai Hoto ya zo da kyamara a wuya ba wanda ya gayyace shi.

Baduku ya kwance ƙunshinsa ya ajiye takalman a tsakiyar ɗaki. Mai Guga ya zauna a ƙasa daɓas yana hamdala.

Ido-ƙasa ya faɗi abin da ya shirya. Bai iya ƙarya ba, yana yi yana kallon ƙasa, amma da yake kullum ƙasa yake kallo sai ya sa rai ba za a gane ba.

"Goge," in ji Lauya. "To. Mai kai takalmi goge, a ƙafa yake sa shi ya bar nasa? Ya wuce ta gabana bai ce uffan ba? Gari ya ɗauka, ana cewa za a rufe mutum, yana jin komai daga shagonsa ya yi gum?" Ya dubi Baduku. "Nawa aka yi maka tayi?"

"Ban sayar ba."

"To me?"

Baduku ya kau da kai gefe.

"Shi ke nan. Ku biyun za ku je. Ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗaya ya ɗauka. Can za ku yi bayani."

"Wallahi ban sani ba!" in ji Mai Guga. "Hajiya, ki yi magana, kin san ni!"

Ido-ƙasa ya ɗago ido, abin da ba ya yawan yi, ya dubi Hajiya. Ita ma shi take kallo. Ya gane ta gane ya sani.

"Mai Hoto," in ji Hajiya, "je ka duba mini ko an kawo sauran kujerun."

"An kawo, Hajiya, ni na..."

"Je ka sake dubawa. Ka ja ƙofar."

Da ƙofa ta rufu ta juya ga ɗanta.

"Ɗauki na hagu. Sa hannunka ciki."

"Umma, me..."

"Sa hannunka na ce."

Ya ɗauka kamar mai ɗaukar abin da zai fashe. Ya zura hannu. Ya ɗauki na dama ya zura. Ya sake komawa na hagu. Ana jin ɗigar famfo daga tsakar gida.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Da ita aka haife shi. Kamar kai. Ƙafa ɗaya, wuri ɗaya."

Lauya ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ya bar ni da takalmin asibiti. Yana gaba ina baya, yana ce mini, miƙe, yaro, miƙe. Ashe..." Ya juya ga Baduku. "Kai kuma kana lungun nan kusa da mu. Me ya hana a kawo ni?"

"Ya sha zuwa da maganar," in ji Baduku. "Ya ce gobe zan kawo yaron. Goben ta yi, sai ya ce, in na kawo shi zai tambaye ni yadda aka yi na san hanya."

"Na yi faɗa har na gaji," in ji Hajiya. "Mahaifinka mutumin kirki ne, amma a wannan gayunsa ya fi ƙarfinsa. Ba zan wanke shi ba. Kuma ba zan bari a rufe tsofaffi biyu don a rufa masa asiri ba, ya isa haka."

Lauya ya daɗe yana kallon takalmin. Sannan ya zauna kan kujerar da ubansa ba ya zama sai bayan azahar, ya cire nasa, ya zura ƙafa. Baduku bai san lokacin da ya durƙusa ya ɗaure masa igiya ba. Ya danna gaban da babban yatsa, ya ce a ransa ko aunawa aka yi sai haka.

Lauya ya miƙe. Ya taka zuwa taga. Ya dawo. Kafaɗunsa biyu a layi ɗaya. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya tsaya gaban Mai Guga, wanda har yanzu ke zaune a ƙasa, ya miƙa masa hannu biyu ya tashe shi.

"Baba, ka yafe mini. Na ci mutuncinka a gaban jama'a, a gabansu zan wanke ka." Ya ɗauki ƙunshin kayan da kansa. "Wannan ya koma inda yake."

Mai Guga ya share ido da bayan hannu, ya dubi wandon Lauya sama da ƙasa.

"Da wannan za ka je taron gobe? Cire ka ba ni. Wa ya yi maka wannan gugar, maƙiyinka?"

A bakin matakala Ido-ƙasa ya tare Lauya.

"Ɗana, ni ma da safe..."

"Ka ce ɗingishi ne ya saci takalman," in ji Lauya. "Ba ka yi nisa da gaskiya ba. Gidan dai ka gane, ɗakin ka ɓata."

*

An sake ruwa kafin gari ya waye. A ɗakin karatu an jera malfa da farar kwat da sanda cikin gilashi, tsakiya kuwa ba komai. Masu ɗakin karatu suka aiko a tambaya, Hajiya ta ce a gaya musu takalman suna hanya.

Ido-ƙasa ya makara, don ya tsaya mayar wa mai shayi robarsa. Ya tarar da shi a bakin rumfa ya riƙe baki, buta na tafasa ba mai kula ta.

"Baba, zo ka gani! Ya sake fitowa!"

Ga sawun nan daga ƙofar gida, tsinin gaba, siririyar dunduniya, ɗan tauraro a tsakiya. Ido-ƙasa ya tsuguna. Hagu da dama nauyinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, kamar an ɗora wa mai su ƙoƙon ruwa a ka. Sai dai da aka zo kududdufi, wannan bai kewaye ba. Ta tsakiya ya bi, ya fantsama laka hagu da dama.

"Shi ne, ko?" in ji mai shayi cikin raɗa.

"A'a," in ji Ido-ƙasa. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Wancan da ya ga ruwa sai ya canja layi. Wannan sauri yake."

Ya bi sawun a hankali, gefe da gefe, yadda ya saba, yana lura kada ya taka.